Ilimin Zafin Barkono: Darasi daga Tukunyar Cili ta Tekzas

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗakin girkin da barkono bai taɓa sa wani hawaye a cikinsa ba. Wani ya yanka attarugu ya manta ya murza ido, wata ta soya busasshen barkono ta cika gida da tari da atishawa, wani kuma yaji ya kama masa baki ya yi ta kwankwaɗar ruwa, raɗaɗin na nan inda yake. Duk waɗannan wahalhalu tushensu ɗaya ne, wato rashin sanin halin sinadarin da ke haddasa zafin. Wannan maƙala za ta yi bayanin abubuwa uku game da wannan sinadari: inda yake zaune a jikin barkono, abin da yake narkewa a cikinsa, da yadda yake yaudarar jijiyoyin ɗan Adam. Domin a ga amfanin wannan ilimi a aikace, za a ɗauki misalin wani abinci na kudancin Amurka da ake kira cili, wanda barkono ne ginshiƙinsa.

Asalin barkono da yaɗuwarsa

Masana ilimin tsirrai suna kiran dangin barkono da sunan Capsicum. Ɗan gida ɗaya ne da tumatir da gauta da dankalin Turawa da taba. Asalinsa nahiyar Amurka ne, kuma binciken kayan tarihi ya nuna cewa mutanen can sun fi shekara 6,000 suna amfani da shi. Nau'i 5 ne ɗan Adam ya mayar amfanin gona. Tattasai yana cikin nau'in Capsicum annuum, attarugu kuwa yana cikin Capsicum chinense, wanda duk da sunansa ba shi da alaƙa da ƙasar Sin ta fuskar asali.

Kafin tafiyar Kolombas ta 1492, babu barkono a Afirka ko Asiya ko Turai. Cikin ƙarni na 16 jiragen ruwan Turawa, musamman 'yan Fotugal, suka kai shi gaɓar tekun Afirka da Indiya. Mai karatu na iya mamakin jin cewa barkono baƙo ne a ƙasar Hausa. Kafin zuwansa, Afirka ta Yamma tana da nata kayan yaji kamar masoro da kimba da citta mai 'ya'ya, waɗanda har yau ake amfani da su.

Mene ne cili?

Kalmar cili ta fito ne daga harshen Nahuwatal na mutanen Aztek da ke Meksiko, ma'anarta barkono. Cikakken sunan abincin da harshen Sifaniyanci yana nufin barkono da nama. Ya yi suna ne a birnin San Antoniyo na jihar Tekzas, inda tun wajen shekarun 1880 mata 'yan asalin Meksiko suke kafa tebura a dandalin gari da daddare suna sayar da shi ga leburori da matafiya. An riƙa yi musu laƙabi da sarauniyoyin cili, har zuwa ƙarshen shekarun 1930 lokacin da dokokin tsabta na hukumar gari suka tashe su. A shekarun 1890 wani Bajamushe mazaunin Tekzas, William Gebhardt, ya fara haɗa garin cili yana sayarwa, abin da ya sa girkin ya bazu zuwa gidajen da ba sa samun barkonon Meksiko. A 1977 majalisar jihar Tekzas ta ayyana cili a matsayin abincin jihar.

A siffa, cili miya ce mai kauri ta naman shanu da aka dafa a hankali cikin markaɗaɗɗen busasshen barkono. Mutanen Tekzas da yawa ba sa yarda a sa masa wake, alhali a sauran jihohin Amurka ana sa wake da tumatir.

Inda zafin yake

Sunan sinadarin da ke kawo zafi kafsaisin. Wani masanin haɗa magunguna ɗan Ingila, John Thresh, shi ya raɗa masa wannan suna a 1876, sa'an nan a 1919 E. K. Nelson ya bayyana tsarin ginuwarsa. Idan aka tace shi tsantsa, ba shi da launi, ba shi da ƙanshi. Shi da wani ɗan'uwansa na kusa su ne ke ɗauke da kusan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na zafin barkono.

Mutane da dama sun ɗauka cewa 'ya'yan barkono ne ke da zafi. Gaskiyar magana ita ce, in aka tsaga barkono za a ga wata farar tsoka a tsakiya wadda 'ya'yan suke manne da ita, tana da rassa da suka bi jikin bangon ciki. A fatar wannan tsoka ne ake ƙera kafsaisin, a tara shi cikin wasu ƙananan ƙuraje. 'Ya'yan kansu ba sa ƙera shi. Shafarsa kawai suke yi saboda maƙwabtaka. Saboda haka wanda ya kaɗe 'ya'yan ya bar farar tsokar bai rage wani abin kirki ba. Wanda ya kankare tsokar kuwa ya rage zafi sosai, ƙanshin barkonon da launinsa suna nan.

A 1912 wani mai haɗa magunguna a birnin Ditiroit na Amurka, Wilbur Scoville, ya fito da hanyar auna wannan zafi. Yakan jiƙa barkono cikin sifirit, sa'an nan ya riƙa sirka jiƙon da ruwan sukari yana ba mutum 5 suna ɗanɗanawa, har a kai inda ba su jin zafi. Yawan sirkin da aka yi shi ne makin barkonon. A wannan ma'auni na Sikobil, koren tattasai mai zaƙi bai da maki ko ɗaya. Barkonon Meksiko da ake kira halafeno yana da 2,500 zuwa 8,000. Dangin attarugu suna kaiwa 100,000 zuwa 350,000. Tsantsar kafsaisin kuwa miliyan 16 ne. A 2023 wani iri da aka haɗa aurensa a Amurka, mai suna Pepper X, ya shiga kundin bajinta na Guinness da maki kusan miliyan 2.69. A yau da na'urar tantance sinadarai ake awon, domin harshen mutum yana gajiya, kuma na wani ya bambanta da na wani.

Yadda barkono ke yaudarar jijiya

Zafin barkono ba ɗanɗano ba ne irin zaƙi ko tsami ko ɗaci. Saƙon ciwo ne. Shi ya sa ake jin sa a ido da hanci da fatar hannu, wuraren da ba su san ɗanɗano ba. A 1997 David Julius da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka gano wani furotin a bakin jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, wanda aka sa wa suna TRPV1. Wannan furotin tamkar ƙofa yake. Aikinsa na asali shi ne ya buɗe idan zafin da ya taɓa jiki ya kai kimanin digiri 43 a ma'aunin Salshiyas, wato inda zafi ke fara cutar da nama. Da zarar ta buɗe, jijiyar sai ta aika wa ƙwaƙwalwa cewa ana ƙonewa.

Kafsaisin yana manne wa wannan ƙofa ya buɗe ta ba tare da wata wuta ba. Ƙwaƙwalwa ba ta iya rarrabe wannan saƙo da na garwashi, don haka sai ta ɗauki matakan da ta saba: zufa ta karyo, fuska ta yi ja, hawaye da majina da yawu su zubo domin wanke abin da ake zaton yana cutarwa. Wannan bincike ne ya sa Julius ya sami kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021, tare da Ardem Patapoutian.

To, me tsiron yake ƙaruwa da shi? Irin wannan ƙofa da ke jikin tsuntsaye ba ta jin kafsaisin. Binciken da Joshua Tewksbury da Gary Nabhan suka wallafa a 2001 kan barkonon daji a jihar Arizona ya nuna cewa ɓeraye, waɗanda haƙoransu ke farfasa iri, suna gudun barkono mai zafi. Tsuntsaye kuwa suna haɗiye shi, su kai irin nesa su kasayar da shi lafiya lau, ya tsiro. Wani binciken da aka yi a Bolibiya, wanda ya fito a 2008, ya ƙara nuna cewa kafsaisin yana rage ɓarnar wata fumfuna da ke kashe irin. Ashe zafin garkuwa ce da ke korar maɓarnaci ta ƙyale mai amfani.

Idan jijiyoyin suka yi ta haɗuwa da kafsaisin, sukan dushe. Wannan ne dalilin da wanda ya saba da yaji yake cin abin da baƙo ba zai iya ba. Likitoci sun ci gajiyar wannan hali: tun 2009 aka amince da wata filasta mai kashi 8 cikin 100 na kafsaisin domin rage wani nau'in ciwon jijiya.

Mai ne abokinsa, ba ruwa ba

Ƙwayar kafsaisin tana da doguwar jela irin ta maiƙo. Saboda haka da ƙyar take narkewa a ruwa, amma tana narkewa cikin sauƙi a mai da sifirit. Ruwan sanyi yana kwantar da raɗaɗi ne na ɗan lokacin da yake cikin baki, domin sanyi yana danne ƙofar. Da an haɗiye, zafin ya dawo. Madara ta fi shi aiki. Wani bincike na Jami'ar Jihar Fensilbaniya a 2019 ya gano cewa madarar da aka cire wa mai ta yi aiki daidai da mai cikakken mai, abin da ke nuna cewa furotin ɗin madara yana da hannu wajen janye sinadarin. Nono da kindirmo suna ɗauke da wannan furotin. Ruwan sukari mai sanyi shi ma yana ɗan taimakawa.

Haka kuma dahuwa ba ta kashe kafsaisin yadda mutane ke zato. Abin da dahuwa ke yi shi ne ta fitar da shi daga barkonon ta watsa shi cikin man girkin. Shanya ma ba ta rage shi. Ruwan ne ke tafiya, zafin ya tattaru a ɗan abin da ya rage.

Haɗa cili a gida

Ga abin da zai ishi mutum 6: naman shanu kilo 1, an fi son na kafaɗa ko ƙwauri; manyan busassun barkono marasa zafi sosai guda 7 ko 8; ƙananan masu zafi guda 2 ko 3; albasa 2; tafarnuwa ƙwaya 6; cokali 1 na garin kumin; ɗan ganyen origano; mai cokali 3; garin masara cokali 2; da gishiri. A Tekzas manyan barkonon da ake amfani da su su ne anco da gwahiyo, waɗanda makinsu bai wuce 'yan dubbai ba. Inda babu su, busasshen tattasai zai tsaya a madadinsu, domin nau'insu ɗaya. Hikimar wannan tsari ita ce an raba aiki: manyan su ba da launi da kauri da ƙanshi, ƙananan su ba da zafi. Ta haka mai girki zai iya ƙara ɗaya ba tare da ɗayan ya rinjaye shi ba.

1. A cire hancin manyan barkonon, a tsaga su, a zubar da 'ya'yan da busasshiyar tsokar. 'Ya'yan ba sa markaɗuwa da kyau, kuma suna kawo ɗaci.

2. A ɗora su a busasshen kasko bisa wuta kaɗan, kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 kowane gefe, har ƙanshi ya tashi. In suka yi baƙi sun lalace. A buɗe taga kafin a fara.

3. A jiƙa su a ruwan zafi minti 20, sa'an nan a markaɗa su da ɗan ruwan jiƙon har su yi laushi.

4. A yanka naman ƙanana, a tsane ruwansa, a soya shi kashi-kashi har ya yi ja. Launi da ƙanshin suya suna samuwa ne idan zafin saman naman ya kai wajen digiri 140. In aka cika tukunya, ruwan naman zai fito, zafin ya tsaya a digiri 100, sai a sami sulala maimakon suya.

5. A kwashe naman, a soya albasa da tafarnuwa da kumin a man da ya rage. A zuba markaɗen a soya shi minti 3 zuwa 5 ana juyawa. A nan ne kafsaisin da jan launin suke shiga cikin mai, su game tukunyar daidai wa daida.

6. A mayar da naman, a zuba ruwa ko romo ya rufe shi, a sa origano da gishiri da rabin ƙananan barkonon. A rage wuta a bar shi awa 2 zuwa 3. Cikin wannan lokaci tantanin naman mai tauri yake narkewa ya zama abu mai danƙo da ke ba miyar jiki.

7. Bayan awa 1 a ɗanɗana. In ana son ƙarin zafi, a sa sauran barkonon. Ƙarawa tana da sauƙi, cirewa ce ke da wuya.

8. Saura minti 10 a sauke, a dama garin masarar da ɗan ruwa a zuba domin kauri.

In zafi ya yi yawa, akwai dabaru uku da suka dace da halin sinadarin: a kwashe jan man da ya taso sama, a ƙara nama ko tumatir ko wake domin sirki, ko a ɗora cokalin kindirmo a kan kowane kwano lokacin ci.

Wanda zai sa jan wake mai siffar ƙoda, irin wanda Amurkawa ke amfani da shi, dole ya kiyaye. Ɗanyensa yana ɗauke da wani furotin mai guba wanda ƙwaya 4 ko 5 kawai kan jawo amai da zawo. A jiƙa shi aƙalla awa 5, a zubar da ruwan, a tafasa shi da ƙarfi a sabon ruwa aƙalla minti 10, sa'an nan a ci gaba da dafa shi har ya nuna kafin a haɗa da naman.

Kare hannu da ido da huhu

Rigakafi ya fi magani. Kafsaisin yana shiga maiƙon fata ya zauna, kuma sau da yawa raɗaɗin ba ya tasowa sai bayan an gama aiki. Wanda zai yanka barkono mai yawa ya sa safar hannu ta roba, ko ya ɗaura leda mai tsabta. In babu, ya riƙe barkonon ta hanci, ya yi amfani da cokali wajen kankare ciki, kada ya sa farce.

In hannu ya riga ya kama, a shafa man gyaɗa ko wani man girki a murza sosai, sa'an nan a wanke da sabulun wanke-wanke da ruwan sanyi, a maimaita. Man yana narkar da sinadarin, sabulun ya tafi da man. Wani bincike da aka wallafa a 1987 a jihar Niyu Meksiko, inda ake noman barkono da yawa, ya kwatanta tsoma hannu a ruwan sanyi da tsoma shi a man girki. Ruwan ya fi kawo sauƙi da farko, man kuwa ya fi kawo sauƙi mai ɗorewa. A guji ruwan zafi, domin ƙofar da kafsaisin ya riga ya taɓa ɗumi kaɗan ma yana buɗe ta.

Ido ya bambanta da hannu. Kada a sa masa mai ko sabulu ko sifirit, kada kuma a murza shi. A yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na kimanin minti 15 ana ƙifta shi. A nan ba narkarwa ake nema ba, kora ake yi da yawan ruwa. In ciwo ko dishi-dishi ya ci gaba bayan haka, a ga likita. Uwar da ta taɓa barkono ta wanke hannu sosai kafin ta ɗauki jariri, domin fatarsa ta fi ta babba laushi. Wuƙa da katakon yanka da turmi su ma a wanke su da sabulu.

Hayaƙin barkono da ƙurar dakansa suna kai kafsaisin cikin maƙogwaro da huhu, inda irin waɗancan jijiyoyi suke. Wani kundin Aztek da aka zana wajen 1541 ya nuna ana horar da yaro ta hanyar riƙe shi bisa hayaƙin barkono, shaidar cewa tun da can an san ƙarfinsa. Ruwan feshin da 'yan sanda ke amfani da shi a wasu ƙasashe daga barkono ake tato shi, ko da yake hayaƙin da Hausawa ke kira barkonon tsohuwa galibi wani sinadari ne daban da ake haɗawa a masana'anta. Mai ciwon asma da ƙananan yara su nisanci wurin suya da daka. Masu sana'ar niƙan barkono kuwa su rufe hanci da baki.

Abin da barkono ba ya yi

Barkono ba shi ne ke haddasa gyambon ciki ba. Manyan musabbabansa su ne ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a farkon shekarun 1980, da kuma yawan shan wasu magungunan kashe ciwo irin su asfirin. Sai dai wanda yake da gyambon ko ƙwannafi ko basur yana iya jin ciwonsa ya tsananta bayan cin yaji, don haka ya rage. Wuce gona da iri ma yana da haɗari. A 2023 wani yaro ɗan shekara 14 ya rasu a jihar Masacuset ta Amurka bayan ya ci wani soyayyen abu mai tsananin zafi a wata gasar nuna jarunta; binciken gawa ya nuna yana da larurar zuciya tun haihuwa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Bugu da ƙari, yawan yaji ba ya hana abinci lalacewa. Babbar tukunyar nama da aka bari ta huce a hankali wuri ne da ƙwayar Clostridium perfringens take hayayyafa, domin ƙwanta yana jure tafasa. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. A raba ragowar cili a ƙananan mazubai a sa a firiji cikin awa 2, in za a ci kuma a ɗumama shi har ya tafasa. Shi kansa busasshen barkonon, in bai bushe sosai ba ko an ajiye shi a wuri mai laima, yakan yi fumfunar da ke fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke cutar da hanta kuma dahuwa ba ta kawar da ita. Wanda ya yi baƙi ko fari daga ciki a zubar da shi.

Gwaji ga ɗalibai

A sa safar hannu, a tsaga tattasai mai ɗan zafi guda 1, a raba shi kashi 3: bangon waje, da farar tsoka, da 'ya'yan da aka wanke da sabulu aka ɗauraye sosai. A taɓa kowanne da ƙarshen harshe, a fara da bango, a bi da 'ya'yan, a ƙare da tsokar, ana hutawa minti 10 a tsakani. Sa'an nan a zuba rabin ƙaramin cokali na garin barkono a kofi 2, ɗaya mai ruwan sanyi, ɗaya mai man gyaɗa, a bar su awa 1, a tace, a kwatanta launi da zafin ɗigo ɗaya na kowanne. A tanadi madara a kusa, kuma kada a yi gwajin da attarugu.

Kammalawa

An ga cewa zafin barkono yana fitowa ne daga sinadari guda wanda ke zaune a farar tsokar ciki, yana bin mai yana ƙin ruwa, yana kuma buɗe ƙofar jijiyar da aka tanada domin jin ƙuna. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa uku ya san abin da zai kankare in yana son sauƙi, ya san dalilin soya markaɗe a mai, ya san abin da zai sha da abin da zai wanke hannu da shi. Ko cili ake dafawa a San Antoniyo ko miyar attarugu a Kano, ƙa'idar ɗaya ce: a fara da kaɗan, a ɗanɗana, kuma a wanke hannu da mai da sabulu kafin a kai shi fuska.